Wagashin Gwaggo Adawiyya

Tun tana karatu a Faransa Zulaiha ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Da ta dawo gida Parakou aka tura ta garin Djougou ta gaishe da Gwaggo Adawiyya, yayar mahaifinta.

Gwaggo ta riga ta ji labari, don haka ba ta yanka kaza ba. Ta aika ruga aka sayo wagashi, cukun nonon shanu, ta soya shi a miyar gyaɗa, ta daka sakwara da kanta.

"Ci, 'yata. Ko ƙashi babu a ciki."

Zulaiha ta dubi kwanon. "Gwaggo, ai wagashi ma daga saniya yake. Da da awara, da ita zan ci."

"Awara?" Gwaggo ta juya ga maƙwabtan da suka shigo ganin baƙuwa. "Kun ji? Awara ai ta wanda ya kasa sayen wagashi ce. In ba 'yar ƙanena awara, gobe a ce a Parakou na talauce?"

Matan suka yi dariya, ban da Gwaggo. Ta turo kwanon, ta zauna tana jira.

Zulaiha ta lalubi bayanin da ta saba yi da Faransanci, ta ga ba shi da amfani a wannan tsakar gida. Ta wanke hannu, ta gutsuri sakwara, ta dangwali miya daga gefe.

"Ɗauki babban yankan wagashin," in ji Gwaggo.

Ta ɗauka ta kai baki.