An Hana Stan Magana

Doreen Maltby ta durƙusa a ƙofar maƙwabcinta, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗaga murfin 'yar kafar da ake zura wasiƙu ta kafa baki.

"Stan, ni ce. Ga miya na kawo maka. Na san kana ji na, tsohon banza, tarinka har ɗakina yake zuwa."

Ba amsa. Dama ba ta sa rai ba, don kotu ce ta rufe masa baki.

Stan Ockleton a jiragen kamun kifi na garin Hull ya ƙare ƙuruciyarsa, iskar teku ta kashe masa kunne ɗaya, shi ya sa ko raɗa ya yi sai an ji a titi. Da matarsa ta rasu ya faɗa wa giya. In abin ya motsa sai ya ɗauki sifana ya yi ta jibgar bututun ruwan zafin da ya ratsa duk gidajen benen da suke zaune a ciki, yana waƙa, yana zagin duk wanda ya ce masa kanzil. Wadda ta fi shan wuya ita ce Kerry ta hawan sama, mai aikin kwana a gidan kula da tsofaffi, ga jariri. Duk mai adalci ba zai ga laifinta ba da ta kai ƙara. Alƙali ya ce kada Stan ya ƙara buga komai, kada ya ɗaga murya, kada ya yi wa kowa a benen magana, ko da bakinsa ko ta bakin wani. In ya saɓa, gidan yari.

Ya kuwa ɗanɗana. Wata rana hular jaririn Kerry ta faɗi a matakala, ya kwarara mata kira, "Ke yarinya, hular ɗanki!" Wani ya kira 'yan sanda. Da aka sako shi ya dawo a rame, ya bar giya, ya bar magana gaba ɗaya. Benen ya samu barci, Doreen kuwa abin ya tsaya mata a rai, don da matarsa suka tashi, kuma ta yi mata alkawari ba za ta bar shi ya mutu shi kaɗai kamar kare ba.

Tana nan durƙushe Kerry ta sauko da ɗanta a kafaɗa.

"Anti Doreen, za ki ja masa wani ɗaurin fa."

"Shi aka hana, ni uban wa ya hana ni? In na ga dama in yi masa surutu har gobe."

Kerry ta gyara wa yaron riga. "Ni fa barci kawai na nema. Ban ce a mai da shi bebe ba."

"Na sani, 'yar nan. Je ki kada ki makara."

Haka Doreen ta riƙa yi kullum da hantsi. Ta ba shi labarin tsadar kifi, da wanda ya mutu, da wadda ta gudu da direban bas. In ta dawo da yamma sai ta tarar da kwanonta a bakin ƙofa, an wanke tas. Wannan ne kawai gaisuwarsu.

Ranar da ta tarar da miyar ta sandare ba a taɓa ba, tarin ma ya ɗauke, ba ta tsaya wata-wata ba. Ta kira motar asibiti. Da aka ɓalle ƙofar aka same shi kwance a ƙasa, da sauran numfashi, taku biyu tsakaninsa da bangon ɗakinta. Da ya bugi bangon sau ɗaya, da ta ji.

Suna saukowa da shi maƙwabta suka yi cirko-cirko a ƙofofinsu. Stan ya juya fuska ga bango don kada a ce ya kula wani. Da suka zo daidai Doreen sai ya jawo hannun rigar ma'aikacin asibitin.

"Samari, ka ce wa matar can..." Sai ya haɗiye. "A'a, bar shi. Ta bakin wani ma an hana."

Ran Doreen ya ɓaci, ɓacin da har hawaye suka zo. Ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Faɗi da bakinka, Stan. In sun zo kama ka su haɗa da ni, dama na gaji da girki."

Ya daɗe yana kallonta. Muryar da ta saba girgiza tagogi ta fito 'yar siririya.

"Gishirinki ya yi yawa, Doreen."

"Shi ya sa kake lashe kwanon ko?"

Ta shiga motar tare da shi, ba wanda ya hana ta. Hannunsa yana cikin nata ya cika, kafin la'asar.

Bayan jana'iza hukumar gidaje ta ce a kwashe kayansa. Ba shi da kowa, don haka Doreen ta karɓi mabuɗi, Kerry ta ce za ta taya ta. Suka shiga da jakunkunan leda, sai Kerry ta tsaya cak a tsakiyar falo.

An shimfiɗa barguna a ƙasa tun daga ƙofa har madafa. An cire batirin agogon bango. Kowace ƙofar kabad an liƙa mata tsumma a baki don kada ta yi ƙara. Kujerun cin abinci kuwa, kowace ƙafa an sa mata safa, tsofaffin safunan ulu masu kauri irin na masunta, an ɗaure da zare don kada su zame.

Kerry ta zauna a ƙasa ta taɓa ɗaya. An yi mata faci a dunduniya, da ɗinki irin na namijin da bai iya riƙe allura ba.