Bizar Jumare da Ƙodar Karima

Jumare makanikin babur ne a Kazage, cikin ƙasar Birnin Gwari. Da ƙodar ƙanwarsa Karima ta daina aiki, sai aka gwada 'yan gidan kaf a Kaduna, tasa kaɗai ta dace. Likita ya ce dashen sai an je Indiya, kuma mai bayarwa ma sai ya samu biza.

Ta Karima ta fito ba wata wahala. Ta Jumare ce ke da ƙura a bayanta. A shekarun da 'yan bindiga suka cika daji, an kama shi da jarkokin fetur zai kai musu. Sun ce masa ko ya kawo, ko su ƙone unguwarsu. Alƙali bai karɓi wannan uzuri ba, Jumare ya yi shekara biyu a gidan yari.

Bakoji, dillalin biza da ke cike masa takardu a Kaduna, ya rage murya ya ce, "Inda aka tambaya ko an taɓa ɗaure ka, a sa a'a kawai. Wa zai bi ka Kazage bincike?"

"In suka gano bayan mun sauka fa? Karima na kwance can, ni a juyo da ni? Sa musu e."

Bakoji ya sa. Amsa ta dawo cewa ba za a duba maganarsa ba sai ya kawo kwafin hukuncin kotu da shaidar halinsa tun fitowarsa.

Karima, wadda ƙafafunta suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ta ce, "Yaya, ka bari haka. Ka koma ga iyalinka."

"Ke dai sha maganinki," in ji shi.

A kotu aka ce fayil ɗin ya ɓace. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a benci, har magatakarda ya gaji da ganinsa, ya buɗe ɗakin ajiya suka tone tare. A ƙarƙashin wata karyayyar kujera suka same shi, gara ta ci gefensa.

Shaidar ce ta fi wuya. Dagaci ya yi ta jan ƙafa, don har yanzu wasu a gari ɗan aiken ɓarayi suke kiransa. A zauren dagacin ne Nababa, wani makiyayi da aka kwashe wa garke a wancan zamani, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, da irin man nan aka kora shanuna, ban manta ba. Amma tun da ya fito, duk wanda aka harba a gona shi ke shiga ya ɗauko shi a babur. Ɗana ma shi ya ɗauko. A rubuta duka biyun."

Haka aka rubuta, dagaci ya buga hatimi.

A ofishin jakadancin Indiya a Abuja, wata mata a bayan gilashi ta karanta takardun a tsanake, ta yi tambaya ta bakin tafinta.

"Kai ka kai musu man?"

"Ni na kai. Ba sau ɗaya ba ma, kafin a kama ni."

"Me zai sa mu bar ka ka shiga ƙasarmu?"

Bai sunkuyar da kai ba. "Ranki ya daɗe, ƙoda zan kai wa ƙanwata in dawo. In kuna so, ku sa ɗan sanda a ƙofar ɗakina."

Ta riƙe fasfonsa, ta ce ya je za a kira shi.

Yana gyaran birkin wani babur aka kira shi a waya cewa bizar ta fito, ta ɗan taƙaitaccen lokaci. Ya ƙarasa ɗaure birkin, ya wanke hannu, ya nufi gida.

An yi aikin a Indiya. Da ya farfaɗo, gefen cikinsa kamar an zuba garwashi, abin da ya fara tambaya shi ne Karima. Aka ce ƙodar ta kama aiki. Kafin kakar masara ta gaba, Karima ta koma suyar ƙuli-ƙulinta, har tana faɗa da shi a kan ya daina ɗaga injin babur shi kaɗai.