Na Huɗu a Layin Caji

Gashaw ya jawo allin da ke rataye da zare a jikin ginshiƙi, ya rubuta lambar motarsa a ƙarƙashin lambobi uku. Ya duba agogo, bakwai da rabi na safe, ya sake ƙirga layin kamar ƙirgawar za ta rage mutum ɗaya.

Kwana biyu babu wuta a rukunin gidajenmu na Ayat, sai da asuba aka dawo da ita, kuma na'urar caji ɗaya ce tak a tsakanin gida sittin da huɗu. Kowa awa ɗaya da rabi. Wanda yake kai zai sauka ƙarfe tara, Ato Fikre, wato Malam Fikre mai tasi, ya hau zuwa goma da rabi, Woizero Tsige, wato Uwargida Tsige wadda muke kira Etiye, ta karɓa zuwa sha biyu, sannan shi. Batirinsa kashi shida ne cikin ɗari, ko sauran wuraren caji na cikin gari ba zai kai shi ba. Debre Berhan kuwa tafiyar awa biyu da rabi ce, hawa da sanyi, sai motar ta sha awa ɗaya da rabinta cif. A can ne za a binne kawunsa Zeleke, ƙarfe biyu.

Belay, ɗan marigayin, shi ya kira shi da asuba. Ya ce, "Ka kawo mahaifiyarka kawai. Ka ce jikin ne ya tsananta. Dattawa suna nan, su za su faɗa mata."

Haka ake yi a wurinmu. Ba a jefa wa tsohuwa mutuwar jininta a waya, ko a bakin titi, ko a bakin ɗanta. Sai an zaunar da ita cikin dangi, manya sun kewaye ta, sannan a faɗa. Zeleke kuwa ba ƙane ba ne kawai a wurin Emama Ayelech, mahaifiyar Gashaw. Ita ta goye shi tun uwarsu ta rasu, tana da shekara tara. Don haka Gashaw ya wanke fuska, ya ce mata kawu yana son ganinta, ya lallaɓa ɗakinta ya ɗauki baƙar rigarta ta makoki ya cusa a ƙarƙashin kujerar mota.

Ga ta nan zaune a kan bencin siminti, taku uku daga na'urar. Mutum biyu ne suka sauko da ita daga hawa na uku saboda ƙugunta, wanda ya hana ta shiga motar haya shekara huɗu ke nan, ta kuma ce ba za ta koma sama ba sai ta dawo daga tafiya. Ta yafa farin mayafinta na fita, bakin adon yana ƙasa yadda ake yafawa in za a je ziyara. A cinyarta kwalbar zuma ce da sabon bargo na auduga da ta saya wa mara lafiya.

Gashaw ya kira masu motar mai guda uku da ya sani. Biyu suna layin gidan mai tun jiya, ɗaya ya ce ko da an ba shi mai ba zai bar gari yau ba.

Da tara ta kusa, sai ya matsa kusa da Ato Fikre, wanda ya jingina da ƙaramar motarsa yana watsa gasasshen sha'ir a baki.

"Fikre, ɗan zo mu yi magana a can bayan."

Fikre ya dube shi sama da ƙasa. "A bayan ina, Gashe? Ni da kai?"

"Minti ɗaya kawai."

"A'a, ranka ya daɗe, shugaban kwamiti. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma wannan takardar na haddace ta." Ya nuna takardar da aka manna a ginshiƙi, an rufe ta da leda saboda ruwa. Ya karanta da ƙarfi, yana bin layin da yatsa. "Doka ta biyar. Babu musayar layi a ɓoye. Mai uzuri ya faɗi uzurinsa a gaban 'yan layi. Wa ya rubuta? Etiye Tsige, don Allah tuna mini, wa ya rubuta?"

Tsige ta yi dariya ta rufe baki da mayafi.

Gashaw ne ya rubuta, har da ƙasaita. Bara Fikre ya zare wayar caji daga motar Gashaw kafin lokacinta ya cika, wai yana da fasinja a filin jirgi. Gashaw bai yi masa magana ba. Hoto ya ɗauka, ya saka a zauren waya na mazauna gidan, ya kira taro, aka hana Fikre na'urar mako guda. A taron ne ya kawo dokokinsa tara, bugaggu da lambobi. Gaskiya dokokin sun gyara wurin, an daina zage-zage, an daina barin mota ta kwana a jikin waya. Amma Gashaw mutum ne da in ya yi daidai sai ya tabbata kowa ya ji zafin daidan nasa, kuma Fikre bai manta ba.

"To faɗi mana," in ji Fikre. "Ga mu nan duka. Ga Emama ma shaida."

Gashaw ya ji idon uwarsa a bayan wuyansa. Kalma ɗaya ce. Da ya ce jana'iza, da Fikre da hannunsa zai maƙala masa wayar, don ba a taɓa yin mutumin gidan nan da zai tsaya a gaban mai zuwa binne gawa ba. Ya buɗe baki.

"Tafiya ce. Kawuna ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya. Wane asibiti?"

"Yana gida."

"Yana gida." Fikre ya kaɗa kai. "Ni ma surukata tana gida ba lafiya tun zamanin da nake da gashi. Gashe, kwana biyu ban ɗauki fasinja ba. Yarana ba sa cin doka."

"To in ka gama, ka kai mu. Ko nawa ne."

"Wannan?" Fikre ya daki bayan motarsa. "Ko ta cika ta batse ba ta wuce Sendafa sai ta fara haki. In kana so in ajiye Emama a tsakiyar dutse, to."

Ƙarfe tara Fikre ya maƙala wayarsa, na'urar ta yi ƙara ta kama.

Gashaw ya koma cikin motarsa ya rufe ƙofa. Ya buɗe zauren waya, ya rubuta cewa kawunsa ya rasu, Emama ba ta sani ba, a taimaka masa. Ya kalli rubutun, ya ɗaga kai ya kalli Tsige, wadda ta koma kusa da Emama a benci suna hira, wayarta a hannu. Tsige mace ce mai kirki, amma hawayenta a bakin ido suke. Ko akuyar wani ce ta mutu sai an ji ta a hawa na huɗu. Kafin ta gama karantawa za ta ɗora hannu a ka, kuma Emama za ta ji mutuwar Zeleke a wurin ajiye motoci, kusa da kwandon shara, daga ihun maƙwabciya. Sannan dangin Debre Berhan su riƙa faɗa har ya mutu cewa ɗan birni ya kasa riƙe bakinsa na rabin yini. Ya goge rubutun. Kuka ya taso masa, ya danne shi da tari, don shi ma kawun nan ne ya koya masa tuƙi.

Goma da kwata Belay ya sake kira. Gashaw ya zagaya bayan ginin ya ɗauka.

"Kun wuce ina?"

"Muna nan tafe."

"Gashaw, limaman coci sun ce biyu da rabi ne iyaka. Akwai wata gawar bayan tamu, ga hadari ya haɗu. Kun taso ko ba ku taso ba?"

"Muna nan tafe," ya sake cewa, ya kashe.

Da ya dawo, Fikre yana naɗe waya. Ya miƙa wa Tsige da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, yana kallon Gashaw. "Kan lokaci, shugaba. Ka rubuta a zaure." Ya shiga mota ya tafi.

Wannan ce dama ta ƙarshe, kuma Gashaw ya sani. In ya hau yanzu, za su isa biyu da rabi, ko da ana sauke akwatin ne.

"Etiye Tsige, don girman Allah ki ba ni layinki. Ki karɓi nawa na sha biyu."

"Wayyo Gashe, da ka san halin da nake ciki. Burodin injera ɗari uku ke jirana a sama, na bikin suna a Kotebe, ƙarfe ɗaya za a zuba abinci. Jikin kawun ya yi tsanani ne sosai?" Ta juya ga tsohuwar. "Emama, ya yi tsanani?"

Emama Ayelech ta gyara kwalbar zumar a cinyarta. "Ɗana ya ce yana son ganina ne kawai."

"To ai shi ke nan," in ji Tsige, ranta ya yi sanyi. "Awa ɗaya da rabi ba komai ba ce. Ku isa da yamma ku kwana, ku sha hira."

Ta tsaya da wayar cajin a hannu tana dubansa, ko zai ƙara wani abu. Gashaw ya dubi uwarsa, ya dubi takardarsa ta jikin ginshiƙi, ya matsa gefe. Tsige ta maƙala.

Daga nan sai zama. Rana ta ɗan leƙo ta koma. Wasu motoci biyu suka zo suka rubuta lamba a ƙarƙashin tasa. Wata mata ta sauko da kofi a tire, aka sha, aka zagi masu wuta. Gashaw ya riƙe finjalinsa har ya huce, yana kallon lambobin na'urar suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin ya tsani wani abu kamar yadda ya tsani rubutun hannunsa a ranar ba.

Sha ɗaya da rabi ta wuce kaɗan, Emama ta ajiye kwalbar zumar a ƙasa. Ta ninke bargon ta ɗora a kai. Sannan ta zare mayafinta a hankali, ta juya shi, ta sake yafawa, bakin adon ya koma sama ya zagaye fuskarta.

Hirar ta mutu. Babu wanda bai san abin da wannan yafawar take nufi ba: yafawar makoki ce. Tsige ta ɗora hannu biyu a ka, ihun ya fito, ta ruga ta danna maɓallin tsayarwa, ta fizge wayar daga motarta, ta cusa a hannun Gashaw.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Gashe, me ya sa ba ka faɗa ba? Ina ruwana da injera!"

Ya maƙala. Na'urar ta yi ƙara ta kama. Kashi shida. Ya zo ya durƙusa a gaban uwarsa, ya kasa ɗaga ido.

"Emama, wa ya faɗa miki?"

"Kai. Da ka shigo ɗakina kana sanɗa ka ɗauki baƙar rigata, kana tsammanin barci nake." Muryarta ba ta rawa. "Na yi shiru ne don ba daidai ba ne in sani kafin a faɗa mini. Na ce yaron nan yana ƙoƙarin yin abin da ya kamata, kada in kunyata shi. Na ɗauka za ka samo hanya."

"Na nema, Emama."

"Na gani." Ta ɗora hannu a kansa, ta sauke. "Ƙarfe nawa za a sa shi?"

"Biyu. Sun ce za su jira zuwa da rabi."

"Wannan abin kuma, sai yaushe zai ƙoshi?"

"Ɗaya da 'yan mintoci."

"Sai hanya."

"Sai hanya."

Emama ba ta yi makaranta ba, amma shekara talatin ta yi tana bin hanyar Debre Berhan. Leɓunanta suka motsa kaɗan tana lissafi. Ta daɗe tana kallon ɗan koren hasken da ke ƙyaftawa a jikin na'urar. Mutane sun kewaye su, Tsige tana shessheƙa, wani yana ta kiran wani a waya ko za a samu mota, ana ce masa babu mai.

"Ni na yi masa wankan farko," ta ce, ba da kowa take ba.

Sannan ta share bakinta da gefen mayafi, ta dubi ɗanta.

"Tashi ka zare. Ka mayar wa yarinyar nan wayarta, saura mata minti ashirin, ga mutane suna jiran abinci. Mu namu sha biyu ne."