Lilon Lambu Na Bakwai

Darakta ya ɗora bakin jan bironsa a kan layi na bakwai, ya ce, "Wannan kuma a cire shi."

Uwar Fayil ta ɗago kai daga takardun da ke gabanta. Tun ƙarfe tara suke zaune a ɗakin taron ƙaramar hukuma, fanka sai ƙara ba iska, ana bin kasafin wuraren shaƙatawa na shekara mai zuwa layi-layi. Karo na goma sha tara ke nan da take irin wannan zama. A sashen ma ta samo sunan, domin duk takardar da ta ɓata ita ake tambaya, kuma sai ta zaro ta daga ƙasan wata durowa tana tsaki.

"Yallaɓai, na bakwai fa shi ne ƙaramin lambun nan na bayan asibiti," ta ce.

"Na sani. Akanta, karanta mata sabuwar dokar."

Akanta ya gyara zaman tabaraunsa, ya karanta da muryar nan tasa mai sa mutum hamma. "Duk wurin shaƙatawar da ya shekara uku ba a nemi gyaran komai a cikinsa ba, za a ɗauka jama'a ba sa amfani da shi. A cire shi daga kasafi, a sallami mai kula da shi, a miƙa filin ga sashen filaye." Ya leƙo ta saman tabarau. "Na bakwai kuwa, na duba har shekara goma baya. Ko ƙusa ba a taɓa nema ba."

"Ai saboda mai lambun ne yake..."

"Saboda ba mai zuwa," Darakta ya katse ta. "Abin da ake amfani da shi lalacewa yake yi. Dubi na ɗaya. Kowace shekara sai mun gyara famfon feshin ruwansa."

Uwar Fayil ta san famfon. A shekara goma sha tara ba ta taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga cikinsa ba, kuma tumaki ne kaɗai ke shaƙatawa a wurin. Ta gaji da faɗin gaskiyar da kowa a ɗakin ya riga ya sani. A can ƙarshen tebur, wakilin sashen filaye har ya fara zana akwatuna a bayan takardarsa, yana ƙirga rumfuna nawa filin zai ɗauka.

"In takardar neman gyara ta shigo yau fa?" ta tambaya.

Darakta ya dubi agogon bango, ya yi 'yar dariya. "Ƙarfe huɗu ake rufe kasafi. Ki kawo takarda da hoto da sa hannun mai kula da wurin. Amma ki sani, ranar Litinin mai duba aiki zai je ya gani da idonsa. Ba na son takardar ƙarya a fayil ɗina."

Ta tattara jakarta. Gwiwoyinta suka yi ƙara da ta miƙe, ta ce a ranta, shekara biyu ta rage mini in yi ritaya, me ya kai ni wannan wahala?

Ta san abin da ya kai ta. Shekara shida da suka wuce maigidanta ya yi wata huɗu kwance a asibitin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk yamma, in ɗakin jinya ya ishe ta, sai ta zagaya baya ta shiga lambun, ta zauna a bencin ƙarshe ta yi kukanta. Tsohon da ke ban ruwa bai taɓa tambayar ta komai ba. Sai dai ya janye tiyo daga kusa da ƙafarta, ya koma can nesa ya ci gaba da aikinsa. Ba ta taɓa gaya wa kowa a ofis wannan ba.

Motar haya ta ci kusan awa guda a cunkoso. Kwandasta ya cusa mutum biyar a kujerar mutum huɗu, wata mata ta ɗora mata kwandon kaya a cinya ba ko sannu. Biyu ta gota lokacin da ta sauka a bakin lambun.

Wurin cike yake. Masu jinya sun shimfiɗa zannuwa a inuwa suna hutawa, wani dattijo mai sandar asibiti yana koyon tafiya a kan 'yar hanyar tsakuwa, matarsa na biye da shi tana ƙirga masa taku. Baba Mai Lambu yana durƙushe gindin wata shuka da almakashi a hannu. Da ya gan ta ya miƙe, ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Ranki ya daɗe, yau ofis ne da kansa a wurinmu? Sannu da zuwa."

"Yauwa Baba. Ina gajiya? Baba, me ya lalace a nan?"

Fuskarsa ta washe. "Ko ɗaya. Zo ki gani."

Haka ya ja ta suka zagaya, yana nuna mata aikinsa kamar uba mai nuna 'ya'ya. Ga bencin da ƙafarsa ta ruɓe bara, ya sake mata sabuwa. Ga kan famfo, robar ciki ya yanko daga tsohuwar tayar keke. Ga ƙyauren shiga, ko kuka ba ya yi. Ta girgiza shinge, shinge bai motsa ba. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo, ta rufe, ya tsaya cak. Duk abin da ta taɓa ta tarar da shi lafiya sai gabanta ya ƙara faɗuwa.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa rubuto mana ba?"

"Na rubuta mana. Shekarar da na fara aiki, kan famfon nan. Wata takwas ina jira, shuke-shuke na mutuwa. Ranar da na gaji na gyara abina cikin rabin awa. Tun daga nan na ce ba zan ƙara damun manya ba."

Ta zauna a benci ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Dokar, da jan biron, da rumfunan, da ƙarfe huɗu. Ya saurara har ta gama, almakashin na rataye a hannunsa.

"Wato don ban bar shi ya lalace ba za a rushe shi."

"Haka takarda ta ce."

"Ni da nake cewa wata rana za a aiko a ce an yaba." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, ni ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ranki ya daɗe. Da tsufana."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Baba. Mai duba aiki ma zai zo ranar Litinin." Ta kasa kallon idonsa, sai ta dubi takalminta. "Dole abin da za mu rubuta ya zama gaskiya."

Ya daɗe yana kallon ta. Kunya ta kama ta har ta ji kamar ta tashi ta tafi. Can ya juya ya shiga 'yar rumfar da yake ajiye kayan aiki, ya fito da guduma.

Benci ba zai taɓu ba, masu jinya na zaune. Famfo kuwa in ya mutu shuka za ta bi shi. Sai ya tsaya a gaban lilo, wanda a lokacin ba kowa a kai. Katakon zaman ya yi santsi saboda hawa, gefunansa a goge don kada ya karci ƙafar yaro.

"Da hannuna na fere shi," ya ce, ba da ita yake ba.

Bugun farko bai yi komai ba, katakon mai kyau ne. A na uku ya tsage, a na huɗu ya rabe biyu, kowane ɓari na reto a jikin sarƙarsa. Dattijon mai sanda ya tsaya da tafiya. Wata mata daga inuwa ta ce, "Lafiya, Baba? Yau kuma kai ne da ɓarna?" Ya ajiye gudumar a ƙasa. Uwar Fayil ta ɗauki hoto da wayarta, ta cike takardar a kan gwiwarta, ya karɓi biro ya sa hannu a hankali.

"Kar ka taɓa shi sai mai duba aiki ya gani," ta ce. "In ya tarar da shi a gyare, duk wahalarmu ta tashi a banza."

"Na ji."

Huɗu saura minti goma ta ajiye takardar a gaban Darakta tana haki. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton.

"Kin gani ko? Ashe dai ana zuwa wurin." Ya soke jan layin da ya ja ɗazu, ya rubuta a gefe, a bar shi. "Akanta, a sa gyaran lilo a na bakwai."

"Sai an tallata aikin, an zaɓi ɗan kwangila," in ji Akanta. "In Allah ya so, kafin wata takwas."

Wakilin sashen filaye ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. "Ba komai," ya ce da fara'a. "Shekara uku ai kamar gobe ne."

Da aka tashi, maimakon ta hau motar unguwarsu sai ta sake hawa ta asibiti, fayil ɗin na bakwai a cikin jakarta. Ba ta yi niyyar shiga ba, so take kawai ta gaya masa ta shinge cewa an dace. Tun daga nesa ta ji ƙarar sarƙa.

Lilon na aiki. Sabon katako ne fari, ko fenti babu. Wata yarinya mai bandeji a hannu ɗaya tana kai, uwarta na tura ta a hankali.

"Baba!"

Ya fito daga rumfa da sauri, garin katako a gemunsa. "Na sani, na sani. Kar ki yi faɗa. Yarinyar nan kullum ƙarfe biyar ake fito da ita, me zan ce mata? Karyayyen yana nan na ajiye. Ranar Litinin da sassafe zan mayar da shi, in mutuminku ya gama gani in sake cirewa."

Ta so ta yi faɗan, amma ba ta da ƙarfinsa. Ta wuce bencin ƙarshe ta zauna, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Shekara uku, in ji wakilin filaye. Ita kuwa biyu suka rage mata, kuma ta tabbata tsohon nan ba zai taɓa koyon barin abu a lalace ba.

Ta zaro fayil ɗin, ta buɗe bangon ciki inda duk wanda ya gaje ta zai fara gani, ta rubuta da manyan baƙaƙe: Duk shekara uku, kafin a rufe kasafi, a je lambu na bakwai a fasa wani abu. A tafi da guduma, kada a sa Baba ya yi da hannunsa.