Ƙasar da Ake Ta Yi wa Ƙari

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu kuma ƙafafuna ciwo suke yi kamar da gaske na yi tafiyar.

Na gan ni a cikin wasan bidiyon nan da na saya da ƙaramar sallah, wanda mai shagon ya rantse mini ko shekara zan yi ina bugawa ba zan ga ƙarshensa ba. Saboda wannan rantsuwar ma na saye shi. A mafarkin babu talabijin, babu abin dannawa a hannuna. Ni ne da kaina a tsaye a ƙofar wani gari, da jallabiyar barcina da silifas. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Mutanen garin kawunansu a bushe, wandunansu sharkaf, kowa ya juya lemarsa tana kallon ƙasa.

A bakin rijiyar garin wata tsohuwa na tsaye da shuɗin zane. Ban taɓa ganinta ba, amma na san sunanta Iya Tabawa, kamar yadda ake sanin abu a mafarki.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ne Sabi'u ƙanen Nuhu?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"Yayanka yana can ƙarshen wasa yana jiranka. Ya ce ka yi sauri."

Yaya Nuhu ya daɗe da rasuwa. Ni na riƙe kansa a asibiti. Shi ya fara koya mini wasan bidiyo muna yara, a wata 'yar na'ura da ya aro, mai wasa guda ɗaya tak: wani ɗan mutum ne yake tsallake ramuka don ya kai wa mahaifiyarsa tulun ruwa. Muna farawa bayan azahar, kafin la'asar mun kai ruwan. Sai Yaya ya kashe na'urar ya ce, "To, mun kai. Tashi mu je masallaci." Gobe mu sake. Don haka da tsohuwar ta ce yana jirana, ban yi musu ba. Na tambaye ta hanya.

Ta ce, "Kajina sun watse. Ka kamo mini su tukuna."

Na kamo mata su. Ta sa mini albarka, ta ba ni wata hula da ba ta shiga kaina, ta nuna mini gabas.

Gari na gaba ƙofarsa iri ɗaya ce da ta farko, har tsagewar da ke jikin bangon. Rijiya tana wurin da na bar ta. Iya Tabawa tana tsaye a bakinta, sai dai yanzu zanenta kore ne.

"Ɗan nan, kajina sun watse."

Na ce, "Iya, ai yanzu na kamo miki su."

Ta ce, "Waccan ta wancan garin ce." Ta ɗan dubi hagu da dama, ta yi ƙasa da murya. "Ni ce dai. Gudu nake yi ta bayan gari in riga ka zuwa, in canja zane. Ƙafata ta kumbura. Don Allah ka kamo su, kada a ce ban yi aikina ba."

Na kamo su. Ɗaya daga cikin kajin, wata baƙa mai ɗingishi, ko gudu ba ta yi ba. Ta tsaya na ɗauke ta, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Na amsa mata.

Daga nan sai na gan ni a wani dogon ɗaki, an rubuta a ƙofarsa Ofishin Ƙari. Awaki ne ma'aikatan. Kowace akuya tana zaune a gaban keken ɗinki tana taka shi da kofato, suna ɗinka wani ƙaton ƙyalle da ya cika ɗakin har ya fita ta taga. Na duba da kyau, na ga ashe taswirar ƙasar ce. Duk ƙyallen da suka jona mata, sai ka hango ta taga ƙasa ta ƙara miƙewa, duwatsu su ja baya. Dukkan ƙyallayen daga bandir ɗaya ake yanko su, a tsoma a rini daban-daban.

Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau da farin gemu. Ya nuna mini kujera. Kujerar tana manne a bango, a kwance, don haka na zauna a kwance.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ƙarshen wasan nan yake?"

Ya ce, "Da safe yana bayan wancan dutsen. Mun matsar da shi."

"Yayana yana can."

"Shi ma mun matsar da shi. Da bencin da yake zaune a kai da komai, bai ji jiki ba."

Na tambaye shi dalili. Ya cire tabarau ya lashe shi, ya mayar.

"Ku ne kuka ce. Mun taɓa yin wasa ɗan ƙarami, mai kyau, mutum ya gama shi a yini ɗaya ya yi kuka a ƙarshe. Kuka ce an cuce ku, kuɗinku bai yi auki ba. To ga auki. Wa ya taɓa dawo da wannan?"

"Babu wanda ya gama ai, balle ya dawo da shi."

"Madalla," in ji shi. "Ka fahimci aikin."

Na ce ni dai a yau ba auki nake so ba, mutum ɗaya nake son gani. Bunsurun ya gyaɗa kai kamar abin ya taɓa shi. Sai ya buɗe durowa ya ba ni wata hular.

A hanya na haɗu da Isiyaku, abokina tun makarantar firamare, wanda muka sayi wasan rana ɗaya. Da ƙyar na gane shi. Gemunsa ya yi furfura, bayansa ya ranƙwafa a ƙarƙashin wani buhu da ya fi shi tsawo. Ya sauke ya nuna mini abin da ke ciki: mukullai da babu ƙofofinsu, gashin tsuntsaye, takalma duk na ƙafar hagu, da huluna, huluna masu yawa.

Na ce, "Isiyaku, me za ka yi da waɗannan?"

Ya ce, "Ba a yin komai da su. Tarawa ake yi."

"Kana jin daɗi?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "Ba a tambayar wannan a nan. Abin da ake tambaya shi ne saura nawa."

"To saura nawa?"

"Na kusa." Ya goge gumi. "Sabi'u, matata, wadda kuka raka ni ɗaurin aurenta. Mene ne sunanta?"

Na ce, "Baraka."

Ya maimaita sunan a hankali, ya duba cikin buhun ko akwai inda zai sa shi. Babu wuri. Ya ɗaure bakin buhun ya saɓa, ya ce akwai wani mukulli a kan wancan tsaunin, in ya ɗauko zai biyo ni. Na bi shi da kallo har ruwan da ke tashi ya rufe shi.

Sai na ƙudurta ba zan ƙara kama kazar kowa ba. Na shiga gari na gaba na wuce rijiya ban waiwaya ba, Iya Tabawa tana ɗaure da jan zane tana kirana. Da na isa ɗaya ƙofar, sai iska ta yi tauri a gabana. Ina ganin hanya a miƙe, amma goshina yana bugun wani abu kamar bango. Na tura da kafaɗa, na tura da baya. Wani jaki da ke zaune a gefe yana saƙa tabarma ya ce, "Malam, ba a wucewa sai an yi kaji."

Na koma na yi kaji. Haka na yi ta yi, gari bayan gari. Rana tana fitowa daga yamma, in ta kai tsaka sai ta gaji ta koma inda ta fito. Silifas ɗina ya tsinke, na ci gaba da tafiya ba takalmi. A wani garin na tarar da Iya Tabawa a zaune a ƙasa, ba ta samu ta canja zane ba. Ta ce in rufa mata asiri. Na ce ban ga komai ba.

Can na iso bakin wani kogi. Ba shi da faɗi, ruwansa kuma a tsaye yake, gaɓar ce take gudana. A ɗaya hayin, ga Yaya Nuhu a kan benci, da shaddarsa ruwan toka, wadda muka bayar sadaka bayan rasuwarsa. Bai rame ba. Fuskarsa ta da ce, kafin ciwon.

Ya ce, "Sabi'u, ka daɗe."

Na ce, "Yaya, hanyar ce take ƙaruwa."

"Na sani. Ina jin bencin yana motsi." Ya yi murmushi. "Ya Umma?"

"Tana nan. Idonta ne ya ɗan rage gani."

"Kana zuwa wurinta?"

Na ce ina zuwa. Ya dube ni, irin kallon da yake yi mini muna yara in na ce na yi alwala.

Ya ce, "Tsallako, akwai maganar da nake so in faɗa maka. Ba ta da tsawo."

Na naɗe jallabiya na sa ƙafa a ruwa. A nan na ji ƙarar kekunan ɗinki a bayana. Awakin ne suka iso, sun ɗoro kekunansu a kan amalanke, bunsurun yana gaba. Suka kama kogin ta tsakiya suka farke shi kamar yadda tela ke farke riga, suka fara jona sabon ƙyalle.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku bari in tsallaka. Bayan nan ku ƙara duk abin da kuke so."

Bunsurun ya ce, "Wannan kyauta ne. Ba za ka biya komai ba."

Ƙasa ta ɓullo tsakanina da Yaya, da bishiyoyinta da ganuwarta. Na ga bencin yana ja da baya. Yaya ya miƙe tsaye yana magana, bakinsa na motsi, amma ƙarar kekunan ta danne muryar. Ya zama kamar ɗan tsako, ya zama kamar ƙuda, na daina ganinsa.

Ban san iya tafiyar da na ƙara yi ba. Na daina duban ƙofofin gari. Wata rana na shiga wani gari, na nufi rijiya kamar kullum, sai na tarar ba Iya Tabawa ba ce a wurin. Yaya Nuhu ne, a tsaye, hannayensa a gefe. Wata akuya da ke shara ta ce mini tsohuwar ta kasa, garuruwa kuma sun yi yawa, mutane sun yi kaɗan, shi ya sa aka ɗauko na ƙarshen wasa aka ba shi aiki.

Na ce, "To wa ke can ƙarshen?"

Ta ce, "Benci."

Na matsa kusa na ce, "Yaya, ni ne."

Idanunsa sun gane ni. Na ga sun gane ni, har suka cika da ruwa. Amma bakinsa ya ce, "Bawan Allah, itacena ya ƙare. Ka samo mini."

"Yaya, maganar da za ka faɗa mini."

"Bawan Allah, itacena ya ƙare. Ka samo mini."

Na kama hannunsa. Da ɗumi. Hawayensa suka fito suka bi goshinsa suka tafi sama tare da ruwan. Daga baya na shiga daji na yi itace, na kawo na ajiye a gabansa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Da muryarsa ya faɗa, muryar da na yi shekaru ban ji ba.

Ƙofar gaba ta buɗe, akuyar ta ce ai na iya wucewa, akwai sabuwar ƙasa an jona, har da teku. Na ce mata a'a. Na kwashe itacen na mayar daji na watsar, na dawo. Ya ce itacensa ya ƙare. Na je na tattaro. Ya sa mini albarka. Na sake mayarwa. Waɗannan maganganu biyu kaɗai aka bar masa, ni kuma na ga ta biyun ta ishe ni. Na yi ta kai da kawowa, ƙaya tana sukar ƙafata, ina sauri don in dawo in ji.

A wani zuwan, na sunkuya zan ajiye itacen, sai na ga leɓensa yana rawa, yana kokawa da wata kalma da ba ta cikin waɗanda aka ba shi. Ya ce, "Sa…" Na ɗago. Ya ja numfashi zai ƙarasa. Sai wata ƙara ta taso daga cikin rijiyar, mai kauri, tana girgiza ƙasa.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabtanmu ne, an tayar da shi za a niƙa waken ƙosai. Gari ya waye, Saude matata tana tsakar gida tana ɗauraye kwanuka. Na kwanta yadda nake ban motsa ba, ina sauraron injin yana gurnani, har waken ya ƙare aka kashe shi.