Man Sirdi a Kuben Lorena

A duk garin Lubbock, in kana son kuben bindiga wanda za ka ɗaura a ƙugu ko surukarka ba ta gane ba, shagon Dewey Pruitt za ka. Zai auna ka, ya sa ka zauna, ka tashi, ka sunkuya, ya gaya maka tumbinka ya fi bindigar haɗari. Sannan ya jiƙa fata, ya matse ta jikin bindigarka, ya bar ta ta bushe ƙam kamar katako. Taurin nan shi ne aikin. Kube in ya yi laushi, bakinsa kan lanƙwashe ya shiga gidan kunamar bindigar, mutum yana mayar da bindiga ta tashi a cinyarsa.

Babansa, tsoho Hollis, badukun sirdi ne na da. A wajensa fatar da ba ta sha mai ba marainiya ce. Yanzu mantuwa ta kama shi, shi ya sa Dewey ke zuwa da shi shago ya zaunar da shi a baya da kofi.

Ran nan Dewey ya shiga baya neman basilla, ya tarar da tsohon da tsumma da gwangwanin man sirdi, yana shafe kuben da aka gama.

"Baba, me kake yi haka?"

"Aikinka nake gyara maka, malalaci. Fata na kukan ƙishi kana can kana surutu."

"Tun yaushe?"

"Na yarinyar nan ta gidan mai ma ni na shafe. Ya sha har ya ƙoshi."

Lorena Baca ke nan, mai karɓar kuɗi a gidan man bakin gari. Tun watan jiya ta karɓi nata, kullum yana jikinta, a zafin nan. Dewey ya kira ta, ba ta ɗaga ba. Ya kulle tsohon a shago ya figi mota.

Tana bayan kantar gidan man ya same ta.

"Ah, sarkin tsokana. Ka zo sake auna ni ne? Ban ƙara ƙiba ba."

"Lorena, kar ki taɓa ƙugunki. Kwance bel ɗin gaba ɗaya, ki ajiye nan."

Ta dube shi, ta ga yau babu wasa a bakinsa, ta kwance. Kuben ya yi tiɓis kamar gurasa. Bakinsa ya riga ya naɗe ciki, yana gogar kunama. Dewey ya zare bindigar a hankali, ya cire harsashi, ya nuna mata da yatsa.

"Kin gani? Wata rana kina mayarwa, shi ke nan, sai dai ki koma dogara sanda. Zan yi miki sabo kyauta, amma sai fata ta bushe. Ba ni zuwa Juma'a."

"Juma'a." Ta yi 'yar dariya. "An sako Curtis daga kurkuku shekaranjiya."

Curtis tsohon mijinta ne, wanda ya karya mata muƙamuƙi. Saboda shi ta sayi bindigar.

"To sa ta a jaka."

"Jakar tana ɗakin baya in ina aiki. In ce masa ya jira ni?"

"Zan kawo miki na kanti."

"Na gwada. Yana turo riga, manaja ya gani ya ce in ya sake gani na bar aiki. Naka ne kawai ba ya nunawa, ai kai ka faɗa."

Dewey ya ajiye bindigar da harsashin a gabanta.

Ta mayar da harsashi. Ta buɗe bakin kuben da babban yatsa, ta zura bindigar sannu a hankali, ta ɗaura, ta saki riga.

"Kuben nan cinya kawai zai ci," ta ce. "Je ka jiƙa fatarka, Dewey. Akwai mai sayayya a bayanka."