Jan Famfo a Watan Zafi

A Jidda idan zafi ya kama, famfo kan juya wa mutane. Tankin da ke saman gida yana shan rana tun safe, ruwansa ya sauko ta shuɗin famfo kamar an sauke shi daga murhu. Shi ya sa kowane gida ke kashe sakhana, tukunyar lantarkin nan mai dafa ruwan wanka, a bar ruwan cikinta ya huce a inuwar banɗaki. Sai jan famfo ya zama shi ne na sanyi. Ba wanda ke koya wa yaro wannan, hannunsa ne ke koya masa.

Abdulghaffar a garin aka haife shi, a nan ya tsufa. Tun da ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa, ya saba idan ya idar da azahar ya zauna a kujerar roba a banɗaki, ya miƙe ƙafafunsa ƙarƙashin jan famfo, ruwa na zuba yana jan carbi. Ran nan ma haka ya yi. Tururi matarsa Luba ta gani yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da ta shiga, fatar ƙafarsa ta hagu ta riga ta tashi, shi kuwa yana tambayarta me ya sa take ihu.

A asibiti aka naɗe ƙafar, likita ya ce a yi addu'a kada ta ruɓe. 'Yarsu Manal, wadda ke aure a unguwar Abhur, ba ta jira an fita daga harabar ba.

"Ke kika kunna sakhana, ya Ummi. Kin kunna kin manta."

"Ban kunna ba."

"To aljani ne? Ku biyu ne a gidan, shi kuma hannunsa ba ya kaiwa wajen. Halas, magana ta ƙare, Abuya zai dawo wurina."

Mijin Manal ya yarda da mutum ɗaya, ɗaki ɗaya a ƙasa, da mai jinya 'yar haya. Maƙwabtan Luba a unguwar Kurayyat suka ce ai dama uwa ba ta zama gidan suruki, da kunya. Luba ta saurare su kawai. Ta san ba kunya ce ta hana ta ba, ba a gayyace ta ba ne. Manal ta ce za ta zo da mota ran Alhamis bayan la'asar.

Da hantsin Alhamis ɗin Luba ta kira Gwadabe, mai gyaran wutar unguwa, wanda ya zo umara daga Bichi shekarun baya ya maƙale. Shi ya haɗa kayan da sanyin bara. Thamer, babban ɗansu da ke Riyad, shi ya aiko da su, wai don iyayensa su huta da kunna sakhana da hannu: agogo mai kunnawa da kashewa, da wani farin abu marar waya mai nuna lamba, da ƙaramin akwatinsa da aka kafa a bango kusa da agogon.

Gwadabe ya tsaya a ƙofar banɗaki yana duban agogon.

"Hajiya, ai a kashe yake."

"Na san a kashe yake, ni na kashe shi tun farkon zafi. Taɓa tukunyar."

Ya ɗora bayan hannunsa a jikinta, ya janye. "Da ɗumi."

"To faɗa mini yadda abin da aka kashe yake ɗumi."

"Wani lokaci, Hajiya, mutum yakan danna bai sani ba..."

"Kai ma? Hau kujerar nan ka buɗe, ban kira ka don ka auna mini ƙwaƙwalwa ba."

Daga ɗaki Abdulghaffar ya ɗaga murya. "Ba-Kano, idan ta kore ka, zo ka zauna da ni. Ni na saba."

"Baba, ai ba na tsoron wuta, Hajiya nake tsoro."

Ya kwance murfin agogon, ya sa sukuddirebansa mai ƙwai a kai. Inda wuta ke shiga, ƙwan ya kama. Inda take fita zuwa sakhana, duhu. Ya juyo yana nuna mata, da fuskar mai cewa kin gani. Ya gwada wayar da ke shiga tukunyar, nan ma babu komai.

"Babu wuta ko ɗigo. Sai dai in ɗazu ta zo ta koma."

"Ta zo ta ina?"

Ya ce wataƙila agogon ne ke maƙalewa, kayan yanzu ba su da amana. Ya ce wataƙila na maƙwabta ne ke kama nasu, tunda abin iska yake bi. Luba ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ta lura mutane suna son ɗora laifi a kan abin da ba za a iya tambaya ba, iska, tsufa, ƙaddara. Ta ce ya buɗe ƙaramin akwatin ma.

Yana cikin kwance shi sai Abdulghaffar ya ce zafi ya dame shi, a ƙara masa sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ta je ta ƙara, ta gyara masa matashi, ta dawo. Gwadabe na ta bin wayoyi da yatsa, yana ƙunƙuni shi kaɗai. Can sai akwatin ya yi ƙas, kamar an karya tsinke. Ɗan jan ƙwan da ke jikin sakhana ya kama.

Su biyun suka tsaya suna kallonsa. Hannunta na naɗe a ƙirji, nasa na sama riƙe da murfi.

"Wa ya taɓa?" in ji ta.

"Ba wanda ya taɓa." Ya sauko daga kujera. "Hajiya, ina farin abin nan mai lamba?"

Ta kai shi ɗakin. Yana kan durowa kusa da gadon Abdulghaffar, daidai inda iskar mukayyif ke sauka. Manal ce ta ɗauko shi daga falo a farkon watan, ta ce tunda yana nuna zafin ɗaki, a ajiye shi nan a riƙa dubawa, kada a bar mahaifinta cikin gumi.

Gwadabe ya juya abin a tafinsa. Ya ce shi ya ɗauka zafin ruwa yake aunawa, ashe iskar ɗaki yake ji. Na mutanen ƙasashen sanyi ne. In ɗaki ya yi sanyi sai ya aika wa akwatin cewa a hura wuta.

"Ko da agogo a kashe?"

Ya koma banɗaki ya hau kujera. Ya daɗe. Sannan ya nuna mata wata guntuwar jar waya da ba ta kai tsawon yatsa ba.

"Kamata ya yi wuta ta bi ta agogo, ta shiga akwati, sannan ta isa tukunya. Hanya ɗaya, ƙofa biyu. Ni kuwa na ɗebo wa akwatin wuta tun kafin agogo, da wannan. Takardar da ta zo da shi ba Larabci ba Turanci, zane na bi. Da na ga ta kama na ce shi ke nan." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ƙona Baba."

Ya sa hannu zai kwance wayar, ta riƙe ƙafar wandonsa.

"Bar ta."

"Hajiya, haɗari ce."

"In ka cire ta, da me zan nuna wa Manal? Da bakina? Bakin da ta ce ya tsufa? Mayar da murfin. Gobe ka zo ka cire."

Ya mayar. A bakin ƙofa ya tsaya da jakarsa.

"Mijin Manal mai sanin mutane ne. Ni kuma kin san ba ni da iƙama, takardar zama."

"Ba zan kira sunanka ba. Je ka."

Manal ta iso bayan la'asar da direba da keken marasa lafiya. Ta shigo tana cire mayafi tana tambayar ina magungunan. Luba ta kama hannunta ta kai ta banɗaki, ta sa ta duba agogon da idonta, ta faɗa da bakinta cewa a kashe yake. Tun azahar Luba ta rage mukayyif, ɗakin ya yi ɗumi, jan ƙwan ya mutu. Ta miƙa wa 'yar rimot.

"Je ki ƙara wa babanki sanyi yadda kika ce a riƙa yi. Ki dawo ki tsaya nan."

"Ummi, direba na jira."

"Ya jira."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ƙofar banɗakin. Abin ya ƙi zuwa da wuri. Manal ta duba wayarta, ta sake dubawa. Luba ta fara tunanin ko Gwadabe ya cire wayar a ɓoye don ya tsira. Sai ƙas. Jan ƙwan ya kama.

Luba ta yi mata bayanin a hankali, da Hausa, inda Hausar ta fi ƙarfin yarinyar ta juya Larabci. Ta ce hanya biyu aka yi wa wutar. Ta ce farin abin nan iska yake ji. Ba ta ce wa ya kai shi ɗakin ba. Manal ta leƙa, ta ga abin a kan durowa, ta rufe baki da hannu.

Ta yi kuka sosai. Ta sumbaci kan uwarta, ta sumbaci hannunta, tana cewa samihini, ki yafe mini, ya Ummi. Luba ta bar ta ta gama. Ta riga ta fara tunanin abin da za ta dafa musu su uku.

Manal ta share ido, ta miƙe.

"Ba zai ƙara kwana a nan ba. Gidan da bango ke dafa ruwa shi kaɗai! Yau wannan ne, gobe wa ya san me ke cikin sauran bangon?"

"Gobe za a cire. Waya ce guntuwa."

"Kuma ƙafar? Wa zai wanke ta safe da yamma? In ta juya cikin dare wa zai sauko da shi daga bene?"

Luba ta shiga ɗaki ta tsaya a kan mijinta. "Abu Thamer, ka ji. Ba ni ba ce. Faɗa mata kana nan."

Ya juyo da kansa wajenta.

"Ni dama ban taɓa cewa ke ce ba." Ya yi mata alama ta matso, ya rage murya don kada 'yar ta ji. "Luba, ƙafar ta fara wari. Tun jiya nake ji. Ke ma kin ji."

Ta ji. Tun jiya take ƙona turaren wuta a ɗakin.

Direba da wani maƙwabci suka sauko da shi a keken, hawa hawa, yana ce musu su yi a hankali, kayan tsoho ne, babu irinsa a kasuwa. Luba ta biyo su da ledar magani da takalmansa. A bakin mota Manal ta ce za ta aiko a ɗauke ta ran Juma'a ta wuni. Ta durƙusa ta sa wa mahaifinta takalmi a ƙafar dama, ta dubi ɗayar ƙafar da ke naɗe, ta mayar wa uwarta na hagun.

Motar ta karya kwana wajen masallaci. Luba ta hau benen da takalmin a hannu.